Zaƙami da gauta dangi ɗaya ne

Da wuya a sami gari a ƙasar Damagaram wanda babu zaƙami a bayan gidajensa. Da damina ta kankama sai ya fito a kan juji, da cikin kango, da gefen turken dabbobi inda taki ya taru. Tsayinsa yakan kai ƙugun babban mutum. Ganyensa faffaɗa ne, idan an murza shi sai ya tashi da wari marar daɗi. Furensa fari ne dogo kamar kakakin fadar Sarkin Damagaram, yana buɗewa da magariba, kashegari in rana ta yi zafi ya yi yaushi. Ɗansa dunƙule ne mai ƙaya kamar bushiya, cikinsa cike da ƙwayoyi masu kama da na barkono. Ko akuya, wadda ba ta barin kome, yawanci wuce shi take yi.

Wannan tsiro sunansa ba ɗaya ba ne a bakin Hausawa. Wasu na ce masa zaƙami. Wasu na ce masa babba-jibji, saboda shi ne babba a kan juji. Wasu kuma na ce masa haukata-yaro, kuma wannan sunan ba ya bukatar fassara. Kakannin da suka raɗa shi ba su da alƙalami, sai suka sa gargaɗin cikin sunan kansa, yadda duk yaron da ya ji shi sau ɗaya zai yi nesa da tsiron. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma ga shi nan an gani.

To, amma linzamin yana aiki ne a inda aka san shi. Takieta mararraba ce. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nan take bi ta shiga Zinder, wajen kilomita 50 gabas. Nan kuma wata hanyar ta rabu ta yi kudu, ta bi Kance da Matamaye ta nufi Kano. Ma'aikata da fatake da direbobi masu harsuna dabam-dabam suna sauka a garin. Abin da Bahaushe ya kira zaƙami, Bazabarme sobi-lobi yake ce masa. Ranar lafiya wannan bambanci abin hira ne. Ranar tsautsayi kuwa yana iya cin rai.

A wani ƙauye na gundumar Takieta akwai wata tsohuwa wadda ta san itatuwa da ciyayi ƙwarai. Unguwarzoma ce, kuma mata na zuwa wurinta neman sassaƙe da saiwa. Wata shekara, bayan an yi girbin gero, jikanta ɗan shekara tara ya fita da abokansa wajen kangon bayan gari. Da la'asar aka dawo da shi riƙe. Yana ta surutu, yana kama abin da babu shi a iska, yana tuɓe riga. Jikinsa ya yi zafi rau amma babu gumi ko ɗigo. Bakinsa ya bushe, baƙin idonsa ya buɗe ya cika ido. Bai gane uwarsa ba.

Nan da nan gida ya cika. Wasu suka ce gamo ya yi a kangon, a nemo turare. Wasu suka ce a ɗaure shi kada ya ruga daji. Tsohuwar ba ta ce kome ba. Ta kama hannun yaron ta shinshina, ta laluba aljihun rigarsa, sai ga ƙwayoyi. Ta ce da uban yaron, "Ɗaura jaki a amalanke. Wannan ba aikin iska ba ne, babba-jibji ya ci." Kafin a gama ɗaurin ta tafi kangon da kanta, ta tuge tsiron ɗungurungum, da ganye da fure da ƴaƴa, ta ƙulle a gefen zanenta.

Ma'aikacin da suka tarar a gidan likita baƙo ne, mutumin yamma, bai daɗe da zuwa ba. Hausarsa ta ciniki ce. Uban yaron ya ce babba-jibji, bai gane ba. Ya ce zaƙami, bai gane ba. A lokacin kuwa zazzaɓin cizon sauro da ke taɓa ƙwaƙwalwa yana yawa, kuma shi ma yana sa yaro fita hayyacinsa, sai tunanin ma'aikacin ya fara tafiya can. Tsohuwar ta kwance zanenta ta ajiye tsiron a kan tebur. Yana gani ya miƙe tsaye ya ce, "Datura!" Ya san abin sarai, da sunansa na littafi da na garinsu, da kuma abin da ake yi wa wanda ya ci shi. Aka kwantar da yaron, aka yi ta sanyaya jikinsa, aka ba shi abin da ya dace. Sai da ya kwana biyu kafin ya dawo daidai, kuma bai tuna kome ba cikin abin da ya faru. Ashe gardama suka yi da abokansa a kan wanda zai iya tauna ƙwayar.

Mutum uku suka tsaya a kan yaro ɗaya, kowa ya san tsiron, amma sunan da zai haɗa su babu. Wannan matsala ba a Takieta ta fara ba. Ita ce ta sa masana ilmin tsirrai na duniya suka yarda da suna ɗaya ga kowane tsiro, wanda ba ya sakewa in an ƙetare iyaka.

Wanda ya kafa wannan tsari wani likita ne na ƙasar Suwidin mai suna Karl Linne, wanda ya rayu daga 1707 zuwa 1778. A 1753 ya buga littafi cikin harshen Latin, inda ya ba kowane tsiro da ya sani suna mai kalma biyu. Kalmar farko sunan gida ce, ta biyu sunan ɗan gidan. Kamar yadda ake sanin mutum da sunansa na yanka da na gidan da ya fito, sai dai a nan gidan ake fara faɗi. Gidaje masu kama da juna kuma a tara su a ce dangi ɗaya ne. Akwai dokoki. Sunan da aka fara bugawa bisa ƙa'ida shi ne ke tsayawa. Akan busar da tsiron da aka raɗa wa sunan a manna shi a takarda a ajiye, don in gardama ta tashi a koma a duba shi. Kuma akan rubuta sunan wanda ya raɗa a ƙarshe. Shi ya sa a littattafai ake ganin harafin L. bayan sunaye da yawa, wato Linne.

Gidan zaƙami shi ne Datura. Kalmar daga Indiya ta fito, inda suke ce wa tsiron datura tun da daɗewa. Ƴaƴan gidan da aka fi gani a ƙasashen nan uku ne. Akwai Datura metel, mai santsin jiki, wanda karansa kan yi shuni-shuni, ƙayar ɗansa gajera ce dakusasshiya. Kalmar metel ta Larabci ce, daga jauz masil, sunan da Ibnu Sina, babban likitan nan da ya rasu a 1037, ya ambata cikin littafinsa na magani. Akwai Datura stramonium, wanda ɗansa ke tsaye yana kallon sama, ya tsage gida huɗu, ƙwayarsa baƙa. Sai Datura innoxia, mai gashi-gashi a ganye da kara, ɗansa na sunkuye yana kallon ƙasa, ƙwayarsa ja-ja. Shi ne ya fi jure ƙasa mai fari. Bahaushe duk zaƙami yake ce musu, kuma bai yi kuskure ba, don dukansu dafi ne tun daga saiwa har fure.

Dangin da gidan Datura ke ciki ana kiransa Solanase. Wani Bafaranshe mai suna Jussieu ne ya tsara shi a 1789. Dangi ne babba, tsirran cikinsa sun kai wajen iri 2,700. A nan ne abin mamaki yake, don rabin kayan miyan da ke kasuwar Takieta ƴan wannan dangi ne. Gauta da yalo suna gidan Solanum. Tumatir da dankalin Turawa su ma can suke. Barkono da tattasai da attarugu gidansu Capsicum. Taba gidanta Nicotiana, sunan da aka ɗauko daga Jean Nicot, jakadan Faransa a ƙasar Fotugal wanda ya aika da taba gida wajen 1560. Furen nan da matan da ke goge haƙora da shi su yi ja, furen taba ne, wato ɗan'uwan furen zaƙami.

Labarin yaron ya kai kunnen malamin gona na yankin. Ranar da ya zo duba lambunan ƙauyen ya biya ya gai da tsohuwar, ya yi mata barka da arziki. Cikin hira ya ce mata, "Inna, kin san kuwa babba-jibjin nan ɗan'uwan gauta ne?"

Ta dube shi ta ce, "Ɗana, boko ya yi maka yawa. Gautar da nake ci da goro?"

Bai yi gardama ba. Ya shiga lambu ya tsinko furen gauta, da na tumatir, da na barkono. Ya aiki yaro ya samo na zaƙami. Ya jera su a kan faifai ya ce, "Inna, duba da kanki." Ta duba. Kowane fure ganyayensa a haɗe suke daga gindi, ba warwatse ba. Bakin na tumatir da na barkono ya rabu kamar tauraro, yawanci gida biyar. Cikin kowanne akwai ƴan sanduna masu ɗauke da gari, na zaƙami biyar cif. Na gauta da na tumatir gajeru ne, na zaƙami ya yi tsawo ya zama kakaki, amma ginin ɗaya ne. Sa'an nan ya fasa ƴaƴan. Ƙwayar gauta, da ta tumatir, da ta barkono, da ta zaƙami, duk shafaffu ne masu siffar ƙoda, kuma kowane ɗa yana da ƴar hula a wajen da ya manne da reshe.

Tsohuwar ta daɗe tana juya faifan. Can ta ce, "To, ba abin mamaki ba ne. Gida ɗaya yakan fid da liman ya fid da ɓarawo. Ai mu ma mun san gautan kura." Malamin ya yi dariya ya ce, "Kin ga ke nan kun riga littafi." Gaskiya kuwa ta faɗa. Hausawa sun daɗe da lura da wannan dangantaka. Akwai gauta ta mutane, akwai gautan kura mai ƙaya da ƴaƴa rawaya masu ɗaci da ba a ci, akwai gautan kaji mai ƙananan ƴaƴa baƙaƙe. Da masana suka zo suka auna, sai suka tarar duka ukun gidan Solanum suke. Gautan kura shi ne Solanum incanum, gauta ta ci kuma Solanum aethiopicum.

Wani zai ce, mene ne amfanin sanin dangin tsiro ga manomi? Amfanin yana cikin lambunsa. Tun bayan farin 1984, da gwamnatin Seyni Kountché ta ƙarfafa noman rani, lambuna suka yawaita a fadamun Damagaram. Mai lambu da yawa yana shuka tumatir bana, baɗi ya sa tattasai a wurin, shekara ta uku ya sa yalo, yana ganin ya sake shuka. A wurin cuta kuwa bai sake kome ba, abincinta ɗaya yake ta ba ta. Akwai wasu tsutsotsi na cikin ƙasa waɗanda ido ba ya gani, masu sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu, tsiro ya tsumbure. Suna son dangin gauta ƙwarai. Wanda ya san dangi, bayan tumatir sai ya sa albasa ko masara ko dawa, ya bar ƙasar ta huta da wannan zuri'a shekara biyu ko uku.

Haka kuma tsutsar tumatir da ake kira Tuta absoluta. Daga Kudancin Amurka ta fito, ta shiga Sifen a 2006, ta gangaro Afirka. A 2016 ta cinye tumatir a Kano da Kaduna har farashi ya yi tashin gwauron zabo, manoman can suka sa mata suna sharon. Wannan tsutsa in babu tumatir tana iya rayuwa a kan yalo, da dankalin Turawa, da gautan kaji, da zaƙami. Ke nan zaƙamin da aka bari a bakin shingen lambu masauki ne gare ta. Wanda ya tuge shi ya kare yaransa, ya kare tumatirinsa a tafiya ɗaya.

Masu sussuka da masu niƙa su ma abin ya shafe su. A 2019, a yankin Karamoja na ƙasar Uganda, kusan mutum 300 suka kwanta bayan sun sha kunun garin agaji, biyar suka rasu. Da aka bincika sai aka sami dafin Datura cikin garin, ƙwayarsa ta shiga cikin amfanin gona tun wajen girbi aka niƙa tare. Don haka zaƙamin da ya fito cikin gonar wake ko riɗi ko dawa a cire shi tun bai yi ƴaƴa ba.

Dafin nan kuma likitoci sun san shi da sunansa. Akwai atirofin a ciki, da wani mai suna sikofolamin. Su ne ke busar da baki, su hana gumi, su buɗe baƙin ido, su sa zuciya gudu, su rikita hankali. Atirofin ɗin nan, in an tace shi an auna, magani ne a asibiti. Da shi ake ceton wanda wasu magungunan feshin ƙwari suka kama, da shi kuma likitan ido ke buɗe ido ya duba ciki. Amma a jikin tsiron babu awo. Wani tushen dafinsa kaɗan ne, na kusa da shi ya ninka shi sau da yawa. Shi ya sa samarin da ke jefa ƙwayar cikin shayi ko abin sha don neman maye suke wasa da ransu. Abin da bai kashe wani jiya ba yana iya kashe shi yau.

Kada kuma a ɗauka sunan littafi ba ya tuntuɓe. Wanda ya raɗa wa zaƙami mai gashi suna wani Baturen Ingila ne, Philip Miller, mai kula da wani lambun magani a Landan, a 1768. Kalmar innoxia da ya sa masa ma'anarta marar cutarwa. Tsiron da ke haukata yaro, ga shi littafi na kiransa marar cutarwa, kuma doka ta hana a sake sunan tunda shi aka fara bugawa. A nan sunan kakanni ya fi na Latin gaskiya. Shekaru da yawa kuma masana suna rikita wannan mai gashin da Datura metel. Tumatir ma ya sha yawo. Linne ya sa shi gidan Solanum a 1753, Miller ya fid da shi ya yi masa gidan kansa, sai cikin shekarun 1990 binciken ƙwayoyin halitta ya nuna Linne ne ke da gaskiya, aka mai da shi.

Sunan Hausa shi ma yana da nasa tarko. Dankali da dankalin Turawa suna ɗaya suke amsawa, amma ba su haɗa dangi ba. Dankalin gida ɗan'uwan duman rafi ne mai yaɗo a bakin tabki. Babba-jibji kansa a wasu garuruwa ba zaƙami ake nufi da shi ba, wani tsiro ne dabam da ake kira loda, ɗan dangin riɗi. Kama da wane ba wane ba ne. Mutumin da aka aika neman babba-jibji a garin da ba nasu ba yana iya dawowa da abin da ba shi aka ce ba.

Saboda haka ne wasu suka ɗauki wahalar jera sunayen biyu kafaɗa da kafaɗa. Dakta Dalziel, likita ne da ya yi aiki a arewacin Nijeriya, ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, kuma zaƙami na ciki. Cikin shekarun 1970 wani Bafaranshe, Peyre de Fabrègues, ya tattara sunayen tsirran Nijar cikin Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, kowanne da na Latin a gefensa. Duk abin da suka rubuta daga bakin makiyaya da manoma da tsofaffi irin unguwarzomar nan suka ji shi. Tsofaffin kuwa suna ta tafiya. Yaro a yau ya san sunan ƴan ƙwallon Turai goma, amma a nuna masa ciyawar bayan gidansu sai ya ce ciyawa ce. Ran da sunan haukata-yaro ya ɓace a bakin yara, gargaɗin da ke cikinsa ya ɓace tare da shi.

Aikin da ya rage ba mai tsada ba ne. Kowane gari da ke da wanda ya iya rubutu, a sami littafi ɗaya. A zauna da tsofaffi maza da mata, a rubuta sunan kowane tsiro yadda ake faɗinsa a garin, da inda yake fitowa, da amfaninsa ko cutarsa. A matse ganyensa da furensa tsakanin takardu su bushe, a manna a gefen sunan. In malamin gona ko na gandun daji ya zo, a roƙe shi ya ƙara sunan Latin. A fara da dangin gauta, tunda su ne cikin tukunya, su ne kuma a kan juji.

Iyaye su kai yara gaban zaƙami su nuna musu shi, su faɗa musu sunayensa duka uku. A tuge shi kafin ya yi ƴaƴa, a wanke hannu kafin a taɓa ido ko abinci. In kuwa tsautsayi ya faɗa, aka ga mutum yana sambatu, jiki da zafi babu gumi, baƙin ido a buɗe, kada a doke shi, kada a ɗura masa kome a baki, kada a kwana ana jiran gari ya waye. A jiƙa zane a shafe masa jiki, a kai shi gidan likita mafi kusa. Kuma a tafi da tsiron a hannu, da ganyensa da ɗansa, don ma'aikacin da za a tarar ba lalle ba ne ya san sunan da ake kiransa a garin.

Allah ya tsare yara, ya sa albarka a lambuna, ya ba da damina mai albarka. Amin.